Jiran faifan D'Angelo

Wanda ya kamu da son waƙar D'Angelo, haƙuri ne abu na farko da ya koya. An haifi wannan mawaƙi, Michael Eugene Archer, a birnin Richmond na ƙasar Amurka a shekarar 1974. Mahaifinsa mai wa'azi ne a coci, kuma a nan yatsunsa suka saba da fiyano tun yana ƙarami. Faifansa na farko, Brown Sugar, ya fito a 1995. Na biyu, Voodoo, ya biyo baya a watan Janairu na 2000, bayan ya daɗe yana aiki a ɗakin naɗar sauti na Electric Lady da ke New York. A cikinsa ya gauraya waƙar coci da jaz da fonk da hip-hop, har kunne ya kasa rarrabe inda wannan ya ƙare da inda wancan ya soma. Ya kuma sha daga rijiyar Fela Kuti, domin a 2002 an ji muryarsa tare da Femi Kuti a faifan Red Hot + Riot.

Daga nan sai shiru. Masu sauraro suna da nasu alhakin a wannan shirun. Bidiyon waƙarsa Untitled, inda ya fito ba riga, ya sa ƴan kallo suka riƙa yi wa jikinsa ihu a dandali, alhali shi kiɗansa yake so a saurara. Abin ya dame shi, ya ja da baya, shaye-shaye ya kama shi. Shekara goma sha huɗu aka yi ana cewa gobe, jibi.

Black Messiah ya fito a watan Disamba na 2014, kusan ba shela. Mawaƙin ne ya gaggauta fitowarsa, ganin yadda baƙar fata suka cika titunan Amurka suna zanga-zanga kan kisan Michael Brown da Eric Garner. Wanda ya jira ya gane cewa dutsen ya dahu, romon kuwa ya zo a ranar da ake bukatarsa.

Sai aka shiga jiran na huɗu. A 2024 abokin aikinsa Raphael Saadiq ya ce D'Angelo yana kan sabon faifai. Ranar 14 ga Oktoba 2025 ciwon daji ya yi ajalinsa, yana da shekara 51.

Jiran bai ƙare ba, amma ya sake kama. Duk abin da za a fitar daga taskarsa nan gaba, wani ne zai yanke hukuncin cewa ya nuna, ba mai shi ba. Ga mutumin da ya riƙe faifai shekara goma sha huɗu don bai gamsu da shi ba, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Masoyinsa na gaskiya yana ɗokin jin muryar, yana kuma tsoron a sauke tukunyar da mai girkin bai ɗanɗana ba.