Kwali, Garin Ladi, Da Labarin Gilashin Likita

Wanda ya bar Gwagwalada ya miƙi hanyar Lokoja ba zai yi rabin sa'a ba sai ya iske kansa a ƙasar Kwali. Hanya ce ta manyan motoci, dare da rana suna ta kai da kawowa tsakanin Kudu da Arewa, kuma yawancin matafiya ba su san garin da kome ba sai tsibin doya da ake kasawa a bakin titi. Ƙasa ce ta Gwari, tare da Ganagana da Bassa da Fulani makiyaya da Hausawa 'yan kasuwa. A 1996 aka yi ta ƙaramar hukuma, ɗaya daga cikin shida na yankin Babban Birnin Tarayya, ƙidayar 2006 kuwa ta ba ta mutum wajen 85,000. Da damina ƙasar kore shar take, dawa da masara da riɗi ko'ina, da kunyoyin doya jere har gindin duwatsu.

Tun kafin a shiga garin ake wuce Sheda, inda Gwamnatin Tarayya ta kafa babbar cibiyar binciken kimiyya da fasaha a 1993, kusa da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa. Abin ya kan ba baƙo mamaki, ga gine-ginen masana a bayan shinge, ga kuma matan Gwari suna wucewa ta ƙofa ɗauke da itace a kafaɗa kamar yadda kakanninsu suka yi.

Amma fa ba masana ne suka fitar da sunan Kwali duniya ba. Mace ce mai ginin tukwane. Duk wanda ya juya takardar Naira 20 ya ga Ladi Kwali zaune a kan aikinta. Wurin gwaggonta ta koyi gini tun tana yarinya. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tulunanta a gidansa, a can ne wani Bature mai suna Michael Cardew ya gan su, har a 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe a garin da a lokacin ake kira Abuja, watau Suleja ta yanzu. Ita ce mace ta farko a wurin. An nuna kayanta a London a 1958, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Na kawo zancenta ne saboda abin da kowace magina ta sani: in yumɓu ya zo da tsakuwa, ko ba a cuɗa shi sosai ba, to, ba adon da zai hana tukunya fashewa a cikin wuta. Akwai wata sana'a ta asibiti wadda haka take, ita ce kuwa ta sa na tsaya a garin nan.

A ce wata mata daga Dafa ko Kilankwa ta ji ƙullutu a mama, ta daure ta zo asibiti, likita ya yanki ɗan guntun tsoka. Ko da ya ƙware, idonsa da hannunsa ba za su tabbatar masa ko sankara ce ko kumburi ne mara lahani ba. Sai an kai tsokar nan babban asibiti mai ɗakin bincike, irin asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada ko Asibitin Ƙasa da ke cikin birni. A can za a tsane ta da barasar asibiti, a dasa ta cikin kakin kyandir, sa'an nan a sa wata na'ura mai kaifin aska ta fere ta siriri ƙwarai, kaurin kashi 4 cikin 1,000 na milimita. A shimfiɗa wannan feren bisa ɗan gilashi mai tsawon ɗan yatsa, a rina shi da rini biyu, ɗaya shuɗi mai ɗaukar shunayya, ɗaya ja-ja. Shuɗin nan daga zuciyar wani itace na ƙasar Meziko ake samo shi, kuma fiye da shekara ɗari ke nan ba a sami abin da ya ture shi ba. Marinan Ƙofar Mata za su ji daɗin jin cewa likita ma da rini yake gane gaskiya. Bayan duk wannan ne likitan duba tsoka zai sa gilashin ƙarƙashin madubin likita ya yanke hukunci, wanda a kansa ne za a cire mama ko a bar shi.

To, ina likitocin? Wani rahoto da mujallar Lancet Oncology ta buga a 2013 ya nuna cewa, in an cire Afirka ta Kudu da Botswana, ba ƙasar da ke kudu da Sahara mai likitan wannan fanni ɗaya ga kowane mutum 500,000. Ga kuma fitar likitocinmu zuwa ƙasashen waje, wadda ba sai an gaya wa kowa ba. Mai karatu ya kwatanta da kansa yawan gilasan da ke jiran ido guda.

A nan ne sabuwar dabara ta shigo. Akwai na'ura mai kama da ƙaramin akwati, wadda a kan sa gilashin a ciki ta bi shi tsaf daga wannan gefe zuwa wancan tana ɗaukar dubban hotuna, ta ɗinke su su zama hoto guda. Mai duba shi a kwamfuta yana iya ganin tsokar gaba ɗaya, ya kuma kusanto duk inda ya so har ya ga ƙwayar halitta ɗaiɗai, kamar yadda a kan kusanto taswira a waya. Tunanin ba na jiya ba ne. Tun 1986 wani likitan Amurka, Ronald Weinstein, ya yi rubutu a kan duba tsoka daga nesa, kuma a wajejen 1990 asibitocin arewacin Norway suka fara aiki da shi saboda nisan garuruwansu. Sai dai a 2017 ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fara yarda a yanke hukunci da hoton kaɗai, bayan an gwada an ga bai gaza gilashin ba. A nahiyarmu kuwa, asibitin sankara na Butaro da ke cikin duwatsun Ruwanda, wanda aka buɗe a 2012, ya yi ta aika hotunan tsoka zuwa Boston ana duba masa. Butaro ƙauye ne, bai fi Kwali kusa da gari ba.

A ganina amfaninsa mafi girma yana wajen koyarwa. Wanda ya taɓa leƙa ajin ɗaliban likita ya san yadda ake yi: akwatin gilasai guda, wasu sun koɗe, wasu sun tsage, ɗalibai sun yi layi a bayan madubi, malam yana cewa ku dubi gefen hagu daga sama, kowa yana gyaɗa kai alhali rabinsu ƙurar gilashi suke kallo. Da hoton kwamfuta kuwa malam zai zana da'ira a daidai wurin, ɗalibi ɗari su ga abu guda a lokaci guda, wanda bai gane ba ya koma ɗaki ya sake buɗewa da dare. Hoto ba ya koɗewa, ba ya faɗuwa ya fashe. Haka kuma a taron da likitoci kan yi don tattauna matsalar majinyaci guda, inda mai fiɗa da mai hoton ƙashi da mai maganin sankara ke zama tare. A da, kowa sai ya karɓi maganar likitan tsoka da ka. Yanzu sai ya haska a bango ya ce ga inda cutar ta tsaya, ga inda wuƙa ta bi, mai fiɗa ya gani da idonsa ko ya bar saura. Likitan ƙaramin asibiti da ya aiko da majinyacin ma yana iya shiga taron ta waya, ya koyi abin da zai yi wa na gaba.

Sai dai kada mu ruɗu. Na'urar nan abin da aka ba ta take ɗauka, kuma farkon aikin ba a ɗakin bincike yake ba, a garuruwa irin Kwali yake. Da zarar an yanke tsoka ta fara lalacewa, balle a zafin watan Maris. Ƙa'ida ita ce a tsoma ta cikin ruwan fomalin kafin sa'a guda, ruwan ya ninka girmanta sau 10, ta jiƙu aƙalla sa'a 6, kada kuma ta wuce sa'a 72 in ta mama ce. In aka saɓa, gwajin da ke nuna irin maganin da zai yi wa matar aiki yana iya ba da amsar ƙarya. Sau nawa a ƙasar nan a kan miƙa wa dangin majinyaci 'yar kwalba a ce su kai da kansu? Wani ya kwana biyu yana neman kuɗin mota, wani ya ji kuɗin gwaji ya koma da ita gida, wani kuma ya binne ta don yana ganin ɓangaren jikin ɗan'uwansa ne. Tsokar da ta ruɓe a hanya, ko an aika hotonta wa babban malami a Ingila, ruɓaɓɓiya zai gani. Fomalin kuwa ba tsada gare shi ba, ba ya bukatar lantarki. Na'urar ce ke cin miliyoyi, tana son wuta mara yankewa, hoto guda kuma yakan kai gigabait ɗaya ko fiye, abin da zai cinye kuɗin intanet na ɗalibi cikin 'yan kwanaki. Hukumar da ta sayi na'ura ba ta fara tanadin kwalabe da mai ɗaukar su a kan lokaci ba, ta sayi sirdi ne kafin doki.

Gaba da Kwali kaɗan, a kan hanyar Abaji, akwai Yangoji, inda unguwar Alheri take, mazaunin mutanen da kuturta ta taɓa da iyalansu. Cutar nan ma da madubi aka gano asalinta, lokacin da Hansen ya ga ƙwayarta a Bergen ta Norway a 1873, kuma har yanzu a kan tsaga fatar kunne kaɗan a shafa a gilashi a duba. Tana warkewa, maganinta kyauta ne tun 1995, amma a 2022 da 2023 an sami sababbin masu ita fiye da 2,000 kowace shekara a Nijeriya, da yawansu sai da yatsu suka fara lalacewa, domin ba a gane tabon farko ba. Manyan rumbunan hotunan tsoka da ɗalibanmu ke buɗewa a intanet, irin na Jami'ar Leeds, an tara su ne daga majinyatan Turai. Ba laifinsu ba ne, abin da ke gabansu suka ɗauka. Amma fatar mai kuturta, da ƙwan tsargiya a bangon mafitsara, da tarin fuka a kaluluwar wuya, a ɗakunan bincikenmu suke jibge cikin kaki, zafi yana narka wasu. Gilashi guda mai kyau daga ƙasar Kwali, in an goge sunan mai shi an ɗauki hotonsa, zai ishi ɗaliban Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri su koyi cutar a mako guda.