Mun Ratse Kwalejin Berea

Berea ƙaramin gari ne a gindin duwatsun jihar Kentaki, a Amurka. Taro ya kai mu kusa, sai muka ratse, gama wani ɗalibinmu ya ƙwallafa rai a kan kwalejin garin. A 1855 aka kafa ta. Ba a biyan kuɗin koyarwa, amma kowa yana aikin aƙalla sa'a 10 a mako. Mun tarar da waɗansu suna saƙa, waɗansu suna ɗaurin tsintsiya.

Sai dai baƙi kaɗan take ɗauka. Muka ce wa yaron ya nema, amma ya haɗa da kwalejin shekara 2 wadda ba za ta ƙi shi ba, wadda mahaifinsa zai iya nuna kuɗinta na shekara guda kafin a ba da biza.