Mu Leƙa Kawo: Masu Ciyad Da Matafiya

Duk wanda ya taso daga Kano ko Zariya zuwa Kaduna, Kawo ce ƙofarsa ta shiga gari. Tana arewa da Kogin Kaduna, kilomita wajen 80 daga Zariya. An san ta da babbar tashar mota, da kasuwar Talata, da gadar sama wadda aka sāke ginawa aka buɗe a 2022. Amma a wannan wata ba gada muka je gani ba. Mun je ne mu ga mutanen da suke ciyad da wannan taro duka.

Aikin abinci a Kawo ba ya jiran gari ya waye. Mai masa tun jiya ta jiƙa shinkafa, ta kai inji, ta bar ƙullu ya kwana domin ya tashi. Mai ƙosai ta surfa wake, ta wanke, ta kai markaɗe. Kafin direba ya fara lodi, tanda ta yi zafi, mai shayi kuma ya shimfiɗa teburinsa da burodi da ƙwai. Da rana masu tuwo su karɓi fage: tuwon shinkafa, tuwon masara, miyar kuka, miyar taushe, ga man shanu ga yaji. Matan Fulani su sauke ƙwaryar fura da nono a inuwa. In ka ɗan matsa gaba, sai ka tarad da buka inda ake kirɓa sakwara, a zuba miyar agushi. Da magariba mai tsire ya hura gawayi, ƙanshin ƙuli-ƙuli da citta ya cika titi.

Mai ci yakan ga malmala kaɗai, ba ya ganin lissafin da ke bayanta. Da yawa cikin matan nan jarinsu ƙarami ne ƙwarai. Da safe su karɓi awo bashi wurin mai hatsi, da yamma su biya daga ciniki. Abin da ya saura a zuba adashi, daga nan kuɗin haya da na makarantar yara suke fitowa. Tuwon da ya kwana kuwa hasara ce. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, kuɗin mota ya tashi, kayan miya da gawayi suka bi shi. Mai tuwo ta san aljihun ɗan dako da kwandasta. In ta ƙara kuɗi da yawa, su gudu. In ba ta ƙara ba, jari ya karye. Sai ta rage girman malmala, ta kuma sha gunaguni.

Akwai waɗansu kuma da ba a cika lura da su ba. Ga ɗan garuwa mai turo ruwa a kura. Ga almajiri mai wanke kwanoni, ladansa sau da yawa ƙanzo ne da ragowar miya. Ga 'yammata masu ɗaukar tire suna bin motoci a lokacin da tsararrakinsu suke aji. Wannan ya kamata ya taɓa zuciyar kowane uba da kowace uwa.

Masu karatu da suka san Kaduna ba za su manta da 2000 da 2002 ba, sa'anda tarzoma ta ci rayuka masu yawa, na Kirista da na Musulmi. Bayan haka iyalan Kirista da yawa suka ƙaura zuwa kudancin kogi, su Sabon Tasha da Narayi da Barnawa, Musulmi da yawa kuma suka komo arewa. Kogin ya zama kamar iyaka. Yau akwai yaranmu da suka girma ba su taɓa cin abinci a gidan maƙwabci Musulmi ba.

Amma tukunya ba ta bi wannan iyaka ba. Cittar da ke cikin yajin mai tsire, ƙasar Kachiya da Kwoi ce gidanta, inda akwai ekklesiyai masu yawa. Nono daga ruga yake. Doya kuwa, Gbagyi, waɗanda suke zaune a wannan ƙasa tun kafin Lugga ya sa a mai da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna, sun daɗe da sanin nomanta. A benci ɗaya na mai shayi, soja da malami da fasto mai jiran motar Kano sukan zauna kafaɗa da kafaɗa. Abin da taron sulhu yake fama ya haɗa, yunwa takan haɗa shi kowace safiya.

'Yan'uwa, aikin abinci ba ƙasƙantaccen aiki ba ne a gaban Ubangiji. Mu tuna cikin Ayyukan Manzanni sura 6, mutum bakwai ɗin da ekklesiyar farko ta keɓe, saboda rabon abinci ga gwauraye aka zaɓe su, Istifanus yana cikinsu. Ibrahim ma da ya ga baƙi uku, bai tambayi kabilarsu ba kafin ya sa a yi musu abinci.

Saboda haka in hanya ta biyo da mu Kawo, kada mu zauna cikin mota mun rufe gilashi. Mu sauka, mu gai da mai tuwo, mu ce mata, "Sannu da aiki, Mama." Kada mu yi ciniki har mu cinye ribarta. Wanda ya ci bashi ya biya, gama kuɗin awon gobe ne yake riƙe da shi. Zumuntar mata kuma su duba cikin ekklesiyarsu: akwai gwauruwa mai sayad da abinci wadda 'yarta ta bar makaranta saboda talla? Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Allah ya sa albarka ga hannuwan da suke dafa mana, ya kuma ba Kaduna salama. Amin.