Filadelfiya a Watan Yuni: Yadda Masu Koyar da 'Ya'yansu a Gida Ke Rufe Shekara

Idan kika shigo birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka tsakanin ƙarshen Mayu da Yuni, za ki tarar sanyi ya tafi, itatuwa sun yi kore shar, rana kuma ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe takwas. A ranakun aiki da hantsi, za ki riƙa cin karo da mata a gidajen tarihi, kowace da yara biyu ko uku riƙe da littafin rubutu. Kada ki ɗauka fashin makaranta suka yi. Da yawansu a gida iyayensu ke koyar da su, wannan yawo kuwa shi ne darasin ƙarshe na shekara.

Sai kin san dokar wurin za ki gane dalilin wannan kai-komo. Filadelfiya tana jihar Fensilbaniya, wadda tun 1988 ta yi doka kan koyarwa a gida. Dokar ta ce yaro ya yi kwana 180 na karatu a shekara, ko awa 900 idan ɗan firamare ne, 990 idan ɗan sakandare. Uwa za ta tara fayil: jerin littattafan da aka karanta da samfurin ayyukan da yaron ya yi da hannunsa. A aji 3 da 5 da 8 akwai jarrabawa ta musamman. A ƙarshe wani malami mai takardar shaida, ko masanin halayyar ɗan Adam mai lasisi, zai duba fayil ɗin, ya zauna da yaron ya yi masa tambayoyi, sannan ya rubuta shaida da za a kai wa shugaban ilimi na gunduma kafin 30 ga Yuni ta wuce. Uwar da ta yi sakaci, maganar na iya kaiwa ga zaman bincike, har a ce a mayar da ɗanta makaranta. Kin ga ashe ba wasa ba ne.

To, zo mu bi sawunsu. Zangon farko shi ne Cibiyar Franklin, gidan kimiyya da aka kafa a 1824 aka raɗa masa sunan Benjamin Franklin. A ciki akwai wata ƙatuwar zuciya da aka gina tun 1954, tsayinta ya kai bene. Shiga cikinta ake yi. Yaro zai bi hanyar da jini ke bi: ya shiga ta ɓangaren dama, ya hau matakala, ya ratsa huhu, ya dawo ta ɓangaren hagu, yana jin bugun zuciya a kunnensa dum-dum. Ni da aikina jinya ne, na sha zana wa mutane ɗakuna huɗu na zuciya a takarda, amma yaron da ya taka su da ƙafarsa ya fi riƙe su. Gani ya kori ji.

Idan kuka fito, ki sa shi ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ya ƙirga bugun na daƙiƙa 15, ya ninka sau huɗu. Sannan ya ƙirga naki. Zai ga nasa ya fi naki sauri, domin na babba a zaune yakan tsaya tsakanin 60 da 100 a minti, na ƙaramin yaro kuwa yakan ɗara. A minti biyar kin gwada kimiyyarsa da lissafinsa, shi bai ma san jarrabawa ake masa ba.

Taku kaɗan daga nan akwai babban ɗakin karatu na birnin, wanda aka buɗe a 1927, inda ya dace ku zauna yaro ya rubuta abin da ya gani tun bai manta ba. Idan yunwa ta motsa, ku gangara kasuwar Reading Terminal, tsohuwar kasuwa mai rufi da ke ci tun 1893. A can da fam ake awo, fam ɗaya kuwa kusan giram 454 ne. Ki ba shi kuɗi ya sayo tuffa, ya lissafa canjinsa, ya faɗa miki fam biyu ya kai kilo ko bai kai ba. Zango na ƙarshe shi ne Ƙararrawar 'Yanci, wadda ke da tsaga a jikinta, kuma kallonta kyauta ne. Tana fuskantar zauren da aka amince da takardar 'yancin kan Amurka a 1776. A nan ki yi shiru, ki bar shi ya ba ki labarin. Abin da ya faɗa daidai ya zauna masa, inda ya yi inda-inda kuma kin gano aikin baɗi.

Wannan shi ne abin da nake so ki ɗauka, 'yar uwa. Yawancin iyaye idan shekara ta zo ƙarshe sai hankali ya tashi, a dinga ɗura wa yaro sauran babukan littafi kamar ana ɗura ruwa a tulu, a ƙare da kuka da faɗa. A asibiti, ma'aikaciyar jinya ba ta tashi aiki sai ta miƙa rahoto: ga abin da aka yi wa majinyaci, ga yadda jikinsa yake, ga abin da ya rage. Shekarar karatu ma haka take so a rufe ta. Ki ɗauko rubutun ɗanki na watan farko, ki ajiye kusa da na wannan mako, ku duba tare. Ki rubuta abu uku da ya iya da abu uku da suka gagare shi, ki sa kwanan wata. Babin da ba a kai ba, a rubuta ba a kai ba. Ba zai gudu ba.

Ko ɗanki makaranta yake zuwa, ke ce malamarsa ta yamma, kuma garinki bai rasa kasuwa da wurin tarihi ba. Ki ware yini guda. Ku fita da wuri kafin rana ta take, da gorar ruwa ga kowane yaro, da hula, da ɗan abin taɓawa, domin yaro mai jin ƙishi ba ya sauraron kowa. Wuri biyu ko uku sun isa. Da kun dawo, ki yaba masa a gaban mahaifinsa da 'yan uwansa, ki ambaci abin da ya iya da sunansa, sannan ki rufe littattafan ki ba shi hutunsa cikakke.

Allah ya raya mana su, ya sa albarka a karatunsu.