Taraktar Baffa da Ciwon Rabin Awa

Asabar

Daren jiya aka yi ruwan shuka, na gaske, wanda ya shiga ƙasa har ya haɗu da laimar ƙasa. Kafin hantsi duk ƙauyen ya watse cikin gonaki. Ƙanena, wanda shi ke tuƙa taraktar Baffa, ya ɗaura mata haro ya nufi gonar da za a sa gyaɗa. Bugu ɗaya ta tashi, ta kama aiki lafiya lau. Bayan kamar rabin awa sai muryarta ta fara yin ƙasa, ta yi tari, ta ɗan farfaɗo, sannan ta mutu a tsakiyar gona. Ya yi ta murza makulli, inji na juyawa amma ya ƙi kamawa. Muka bar ta muka zauna a gindin ɗorawa. Da muka koma ta tashi kamar ba ita ba, ta ƙara wani rabin awa, ta sake mutuwa.

Massey Ferguson 135 ce, daga cikin waɗanda aka ƙera a Coventry ta ƙasar Ingila tsakanin 1964 da 1975. Injinta Perkins ne na gas mai silinda uku, lita 2.5, ƙarfin doki wajen 45. Baffa ya saye ta a hannun wani tun ba a haifi direbanta na yau ba. Masu wucewa a kan titi suna yi mata kallon tsohon ƙarfe, amma wanda ya san ƙasar Dawakin Tofa ba zai raina ta ba. Gonakinmu gado ya yanyanka su ƙanana, babu saura ko kaɗan, kowace a tsakiyarta akwai ɗorawa ko kuka ko gawo da ba a taɓawa, iyaka kuwa layin gamba ne ko aguwa. Babbar tarakta kafin ta juya ta taka shukar maƙwabci. Wannan kuwa tana kewaye itace ta dawo kan layinta.

Lahadi

Yau masu ba da shawara suka cika ƙofar gida. Wani maƙwabci ya rantse kwayil ne, don haka babur ɗinsa ya yi masa bara. Gaskiyarsa a kan babur: injin fetur da tartsatsin fulogi yake tashi, kwayil kuwa idan ya tsufa yakan ɗauke wuta da zarar ya ɗau zafi, ya dawo in ya huce. Sai dai injin gas ba shi da fulogi, ba shi da kwayil. Iska yake matsewa har ta yi zafi, nozul ya fesa mai a ciki, man ya kama da kansa. Shi ya sa ma in za a kashe ta waya ake ja a tsayar da mai.

Muka bi zancen zafin dai. Muka wanke lagireto ciki da waje, muka fitar da ƙaiƙayi da ƙurar rani da suka toshe idanunsa, muka ɗaure fanbel, muka sake baƙin man da ke gindin matatar iska. Aka koma gona, ciwo ya dawo a kan lokacinsa. Abu biyu na riƙe. Ruwan lagireto bai tafasa ba, kuma bayan ta mutu injin na juyawa sakayau, alhali wanda zafi ya ƙame da ƙyar batir ke juya shi. Na biyu, duk murzawar da aka yi ko ɗigon hayaƙi bai fito daga salansa ba. Inda babu hayaƙi, mai bai iso ba.

Litinin

Wani matashin bakanike ya zo, ya saurari bayani, bai ko kunna ta ba ya yanke hukunci: famfon injekta ne, a kwance a kai Kano. Ya faɗi kuɗin da ya sa Baffa ya cire hula ya shafa kai.

Maganarsa tana da tushe, ba zan zalunce shi ba. Famfon da ke kan wannan inji CAV ne mai juyi, kuma gas ɗin da yake turawa shi ne man da ke shafe cikinsa. Shekara da shekaru na mai da ruwa da ƙura suna cinye shi. Gas idan ya yi zafi yana tsinkewa, sai ya riƙa zurarewa ta inda ƙarfe ya ci, matsi ya ragu, tarakta ta ƙi tashi da zafi. Ana samun haka sosai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fara da mafi tsada, a tsallake tanki da bututu da filta, waɗanda duba su bai wuce sifana da idon mutum ba. Kuma famfo in ya shiga birni a wannan mako, sai an bi layi, laima kuwa ba ta jiran kowa.

Baffa ya ce masa, "To ɗana, mun gode, za mu neme ka." Da ya tafi sai ya aika a gaya wa wani dattijo da ya yi aikin gyaran taraktocin gwamnati a zamanin da ake ba manoma haya. Aka ce ya tafi ta'aziyya, sai jibi.

Talata

Na shiga Kano sayen filta. Na bi ta Dawanau, inda manyan motoci ke lodin hatsi da riɗi zuwa ƙasashen waje, na hau titin Katsina har Ƙofar Ruwa. Ban sha wahala ba. Dalilin da ya sa kayan wannan tsohuwa ba su ɓace ba shi ne injin nata bai mutu a duniya ba: shi ne a cikin MF 240, wadda kamfanin Millat ke haɗawa a Pakistan. A da ma a nan Kano ana haɗa taraktocin Fiat a kamfanin NTM, a Bauchi kuma na Steyr, kuma mutanen da suka koyi gyara a wancan zamani su ne yanzu suke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Da yamma muka sa sabuwar filta. Tsohuwar ta fito baƙa ƙirin, da ruwa da laka a gindinta. Muka yi murna, muka fita gwaji. Ta ɗan ƙara lokaci a kan na shekaranjiya, ta mutu. Maƙwabta da suka ba da kafin alƙalami na hayar taraktar sun fara leƙowa. Wani ya haƙura ya ɗauko shanun huɗa.

Laraba

Dattijon ya iso a bayan acaɓa da ƙaramar jaka, sifana uku da tsumma. Bayan gaisuwa ya zauna a kan tabarma ya hau tambaya.

"Kai yaro, in tana jan haro a ƙasa mai nauyi, da in tana tafiya a hanya ba kaya, ina ta fi saurin mutuwa?"

Ƙanena ya ce, "Baba, a hanya ba ta taɓa mutuwa ba."

Ya ce a kunna ta a bar ta tsaye a ƙofar gida. Aka bar ta tana ƙugi fiye da awa guda, har murfin inji ya ƙi taɓuwa. Ba ta ko yi tari ba. Sai ya dubi Baffa ya ce, "Alhaji, ga zafi nan ta ɗauka, ga ta kuma a raye. Zafi da ciwon nan tafiya kawai suke yi tare. Abin da take ƙirgawa shi ne man da ta sha."

Wannan magana ita ta juya mana aikin gaba ɗaya. Tun Asabar kowa na cewa "in ta yi zafi", sai hankali ya tafi kan lagireto da famfo. Ashe lokacin da inji ke ɗauka kafin ya yi zafi, a cikinsa ne kuma yake zuƙe lita kaɗan daga tanki.

Muka tafi gona, ya bi ta a ƙasa yana tafe a gefenta duk da shekarunsa. Da ta fara tari ya ɗaga hannu, ƙanena ya taka kuloci, shi kuma ya miƙa hannu ya murɗe murfin tanki. Kowa ya ji fuuu, iska ta faɗa ciki. Nan take muryar inji ta miƙe. Ya ɗaga murfin ya nuna mana: ba nata ba ne, na wata mota ne da aka sa bayan nata ya ɓata, kuma don kada mai ya riƙa fantsalowa an naɗe bakin tankin da leda kafin a ɗaura shi. Murfin asali yana da 'yar ƙofar shan iska. In babu ita, duk man da ya fita ba abin da ke maye gurbinsa, sai tanki ya riƙe sauran, kamar buta da aka toshe bakinta aka ce ta zuba ta hanci. In an kashe inji iska ta lallaɓa ta shiga a hankali, shi ne hutun gindin ɗorawa da muke zaton hucewa take yi.

Yara har sun fara tafi. Dattijon bai yi dariya ba, ya ce a ci gaba da aiki murfi a sake. Ta yi aiki mai tsawo, fiye da duk na makon nan, amma dab da magariba ta sake shaƙewa. Ya ce, "Na zata. Ledar nan ba duka na gani a baki ba. Gobe da jarka za mu fara."

Alhamis

Ya sa aka ɗaure jarkar gas mai tsabta a saman inji, ya zare bututun da ke zuwa daga tanki, ya sa tiyo daga jarkar kai tsaye zuwa ƙaramin famfon da ke ɗago mai. Da wannan dabara ya raba gardama biyu: in ta mutu, laifin yana gaba, wajen famfo, in ba ta mutu ba, yana baya. Ta yi ta aiki har jarka ta kusa ƙarewa, ko gezau.

Aka sauke tanki. Ba babba ba ne, bai cika lita 40 ba. Da aka kwance makunnin da ke ƙasansa, sai ga 'yar ragar da ke kansa ta toshe da tsatsa da wani baƙin kitse mai yauƙi, ga kuma guntayen leda da gas ya jiƙa suka yi laushi. Ya nuna mana yadda suke yi: suna yawo a cikin mai, jan famfo ya kawo su su manne a raga, in inji ya tsaya su saki su koma yawonsu.

Tsatsar kuwa daga ruwa take. Tanki ya kwana rabi babu komai tun bayan kaka, iskar da ke ciki tana yin raɓa da dare, raɓar ta gangara ƙasa tunda ruwa ya fi gas nauyi. Ga kuma man jarka da ake saye a bakin hanya a juye ba tacewa. Ya ce daga yau a riƙa cika tanki da yamma bayan an tashi aiki, jarka kuma a bar ta ta kwana ta kwanta, a juye ta saman ƙyalle mai tsabta, a bar na gindin.

Muka wanke tanki da gas har ya fito fes, muka shanya. Ya buɗe ƙaramin famfon ya wanke ragar cikinsa, ya sake wasu wasarori da suka mutu, don ta nan ma iska kan sato hanya.

Juma'a

Da safe aka mayar da komai. Na tsaya na kalli yadda ya fitar da iska, don wannan shi ne abin da yaranmu ke yi da garaje. Ya fara da kusar da ke saman filta, yana danna hannun ƙaramin famfo har kumfa ta ƙare mai ya fito zalla, ya ɗaure. Ya koma kusoshi biyu na jikin babban famfo, ta ƙasa sannan ta sama. Daga ƙarshe ya sassauta bututun nozul aka murza makulli har suka fara tofi. Ƙanena ya kai hannu zai taɓa, ya buge hannun. Ya ce man da ke fita a nan yana iya huda fata ya shiga jiki, kuma ya taɓa ganin wanda ya rasa yatsa a haka.

Bayan an sauko daga masallaci aka fita da murfin da aka huda wa ƙaramar ƙofa, kafin a samo na asali. Ta gama gonar gyaɗa, ta shiga ta dawa, har aka kira magariba ba ta yi tari ba.

Asabar

Tun bayan sallar asuba take gonakin maƙwabta. Baffa ya sallami dattijon, ya ƙara masa da kwanon gero. Kafin ya hau babur na tambaye shi batun famfon. Ya ce matashin nan bai yi ƙarya ba, famfon ya tsufa, yana jin sa a yadda take ɗan jinkirin tashi da rana tsaka, amma zai fitar da daminar bana, a kai shi gyara bayan an ɗaure amfanin gona lokacin da ba a gaggawa.

Ƙanena ya roƙe shi ya bar shi ya riƙa bin sa wajen aiki a ranakun da babu huɗa. Ya ce ya zo ranar Litinin da sassafe, akwai wata Fiat da za su buɗe a wajen Bagwai.