Daga Rudun Albasa Zuwa Ɗakin Bincike: Ziyara A Aliero, Jega Da Maiyama

Uwargida, in kin taɓa bin hanyar Sakkwato zuwa Jega da rani, kin san tun ba ki ga allon garin Aliero ba hancinki zai gaya miki kin iso. Albasa ce buhu-buhu a bakin titi, manyan motoci na lodi zuwa Kudu. Garin ya kuma yi suna da masu ɗori, ana kawo musu masu karaya daga nesa.

Amma yau jami'ar garin nake so ki leƙa. An kafa ta a 2006, zamanin Gwamna Muhammad Adamu Aliero, da sunan Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi, daga baya aka sa mata sunan Malam Abdullahi Fodiyo na Gwandu. Tana koyar da kimiyya, aikin injiniya da aikin gona, kuma ana yin digiri na biyu da na uku a cikinta.

Me ake bincikawa? Amsar na bayan gari. Manomi ya kwashe albasa, ya zuba a rudu yana jiran ta yi tsada, zafi da laima su ruɓar da wani kaso kafin ya kai kasuwa. Wannan asarar aiki ce ga masana: injiniya ya tsara rumbun da iska ke ratsawa, mai nazarin ƙwayoyin cuta ya gano abin da ke kawo ruɓar, masanin ƙasa ya auna takin da ya dace.

Ki ƙarasa Jega, mahaifar Farfesa Attahiru Jega, inda hanyar Birnin Kebbi ta rabu da ta Yawuri. Bayan babbar kasuwarta, a fadamar garin jami'ar ke da gonar gwaji. Nan za ki ga ɗalibi da littafi a hannu, ƙafa duk taɓo, yana ƙirga ganye layi-layi. In kin yi kudu zuwa Maiyama, gonakin gero da dawa da lambunan rani ne, kuma wurin irin waɗannan manoma mai bincike ke zuwa ɗibar ƙasa da ruwa ya kai ɗakin gwaji.

To, ranar da ɗanki ko 'yarki ta ce za ta ci gaba bayan bautar ƙasa, kada ki ce karatun ya isa haka. Ki dai san hanyar tana da tsawo: digiri na biyu da sakamako mai kyau tukuna, sannan na uku, wanda ba ya gaza shekara 3. Ta fara neman malamin da zai duba aikinta kafin ta sayi fom. Kuɗi ne ke kayar da da yawa, don sinadarai da kayan awo ba su da arha. Asusun TETFund malaman manyan makarantun gwamnati yake ɗaukar nauyi, PTDF kuma fannonin da suka shafi man fetur da makamashi.

In tana da aure, a zauna da mijin tun wuri a yi maganar reno da zirga-zirga. Sau da yawa kakar da ta riƙe jika ita ce ta sa aka kammala digirin.

Ke fa, in taki ta zo da wannan magana, me za ki ce mata? Allah Ya yi wa zuri'a albarka.