Bawul ɗin ƙarfe ko na saniya?

Mu 'yan SS2 mun daɗe muna tsokanar wata 'yar ajinmu da "tsohuwa", saboda ko bene ɗaya ta hau sai ta tsaya tana haki. Yanzu kunya muke ji. Ta yarda mu rubuta labarinta, amma ban da sunanta.

A zangon da ya wuce ta suma ana tsakiyar taron safe. Daga asibitin unguwa aka tura su tsallaken gada, aka yi mata hoton zuciya. Likita ya ce bawul ɗin da ke bakin babbar jijiyar da ke kai jini ko'ina a jiki ba ya rufewa da kyau, jini yana komawa cikin zuciya. Asalin abin kuwa ciwon maƙogwaro ne tun tana firamare. An kai ta wajen wanzami ya cire belu, ba a ba ta maganin kashe ƙwayar cutar ba. Garin yaƙi da ƙwayar, garkuwar jikinta ta far wa bawul ɗin. Yanzu sai an canza shi.

Ranar da muka je dubiya gidansu a Kakuri, musu muka tarar. Babanta na ƙarfe yake so, don yakan yi shekara da shekaru bai lalace ba, kuma shi bai ga inda zai samo kuɗin tiyata sau biyu ba. Sai dai mai irin wannan bawul zai sha maganin tsinka jini, Warfarin, kullum har ƙarshen rayuwarsa, ana ta gwada jininsa a kai a kai. In ya yi sakaci jini ya daskare a kan bawul, in maganin ya yi yawa jini ya ɓalle. An ce ma yana 'yar ƙara, ƙis-ƙis kamar agogon hannu.

Mama kuwa haihuwa take hangowa, domin Warfarin yana iya cutar da ɗan da ke ciki. Ita ta fi son na naman dabba, wanda yawanci ba ya buƙatar maganin har abada. Amma shi yakan tsufa cikin shekara 10 zuwa 15, a jikin matasa ma bai cika kaiwa haka ba, sai a sake buɗe ƙirji. Da kawunta ya ji ana yin wani daga zuciyar alade sai ya ɗaure fuska, har aka gaya masa akwai na jakar zuciyar saniya.

Malamin Bayoloji ya ce mana tun 1974 aka fara tiyatar buɗe zuciya a Najeriya, a Enugu. Muka tambaye shi dabarar da aka fara a Faransa a 2002, ta zura bawul ta jijiya ba tare da an tsaga ƙirji ba. Ya ce an fi yi wa tsofaffin da bawul ɗinsu ya tsuke.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, an fi awa ana gardama ba wanda ya tambaye ta. Da muka kebe muka tambaya, sai ta ce ita dai wanne ne zai bari ta zauna WAEC tare da mu?

Za su koma wajen likita bayan hutu. Akwatin gudummawa yana ofishin kulob, ana buɗe shi ranar Alhamis a gaban malaminmu.